Dajin Bagaruwa a Bakin Shuɗin Nilu

Wanda ya san bagaruwa a Kano ko Sakkwato, ya san ta ne bishiya ɗaya tilo a gefen gona, gajera mai ƙaya, wadda majema ke sayen 'ya'yanta da mudu. A nan Sudan kuwa, idan ka bar Sinnar ka nausa kudu ta bakin Shuɗin Nilu har Rusairis, bagaruwa daji take yi, daji mai duhuwa, wanda mutum zai shiga da hantsi bai fito ba sai la'asar. Mutanen nan suna kiranta sunut, 'ya'yanta kuma garad. Ni haifaffen Wad Madani ne, kuma tun ina yaro nake jin dangin mahaifiyata suna zancen wannan daji, amma Allah bai nufe ni da taka shi ba sai a sanyin da ya gabaci yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023.

Daga Madani zuwa Sinnar kimanin kilomita 100 ne a hafila, wato motar bas. Na sauka na leƙa madatsar ruwan da Turawan Ingila suka kammala a 1925, mai tsawon kilomita 3, wadda ke ɗaga ruwa ya shiga magudanan gonakin Jazira, sannan na hau boksi, motar a-kori-kura, zuwa Mayirno. Garin ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903, shi ne ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, suka iso bakin wannan kogi wajen 1906 suka yada zango, zangon da ya zama gari. Har yau a kasuwar Mayirno za ka ji Fulatanci da Hausa da Larabci suna fita daga bakin mutum ɗaya a ciniki ɗaya. Na ci agashe a tasha, na kora da godogodo, irin furarsu, na sami mai karo, wato amalanke, da jakinsa ya ƙarasa da ni ƙauyen su Kawu, wanda ke kudu da garin, a kan tudu, nesa kaɗan da kogi.

Kawu ya yi shekaru masu yawa yana aikin ƙarfi da ma'aikatan gandun daji kafin ya koma gonarsa ta bakin ruwa. Da dare, bayan Inna ta sauke mana tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa da kifi, ya dube ni ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu, da an sallame asuba za mu fita. Ka sa takalmin markub, ɗan nan. Ƙayar sunut ba ta san baƙo ba."

Muka fita da sauran duhu, sanyi yana ratsa riga. Bayan ƙauyen fili ne na baƙar laka, shimfiɗe har iyakar gani, an gama yankan dawa, sai kara a tsaye da shanu suna kiwo a ciki. Idan ka ci gaba yamma ta nan za ka faɗa manyan gonakin tarakta na Dali da Mazmum, inda ake noma dawa da riɗi da ruwan sama. Dokar gandun daji ta ƙasar nan ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan gonaki ga bishiyoyi, amma a iya abin da idona ya hango da gari ya waye, ko inuwar da makiyayi zai fake babu. Mu dai gabas muka fuskanta.

Kafin a kai daji sai an sauka ta wata ƙasa mai gangara da kwazazzabai da tsakuwa, wadda ake kira karab. Ba ta noma, ruwan sama ya zaizaye ta, amma nan ne bishiyoyin da Bahaushe ya sani suka taru: aduwa tana zubar da 'ya'ya, kurna, farar ƙaya, tumfafiya a bakin kwazazzabo, da gawo ɗaya babba da ya yi ganye shar a lokacin da kowa ke kaɗe nasa. Garken zabin daji ya tashi a gabanmu da kururuwa, fakara ta ruga cikin ciyawa, kurege ya tsaya a kan ƙafa biyu ya kalle mu kafin ya faɗa raminsa. Kawu ya nuna mini sawun dila a kan rairayi, sabo, na daren jiya. Kura ma tana zuwa, in ji shi, amma ba kamar da ba.

A bakin daji akwai rakuba, wato rumfar gafiri, mai gadin wurin. Muka yi masa sallama, ya amsa da fara'a, ya matsa mana a kan angarib, gadon igiya, ya zuba mana jabana, gahawa mai citta. Shi da Kawu tsofaffin abokan aiki ne, suka daɗe suna gaisawa da Larabci, suna tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda zai shiga irin wannan daji, ina ba shi shawara ya fara da nan. Gandun gwamnati ne, an raba shi yanki-yanki kowane da lambarsa, kuma gafiri ne ya san inda ruwa bai janye ba da inda aka hana shiga saboda ƙananan shuka.

Da muka shiga, abin da ya fara kama ni shi ne tsayin bishiyoyin. Sun miƙe sak, baƙaƙen jiki masu tsattsagewar ɓawo, wasu sun haura mita 20, ba reshe sai can sama inda suka haɗe kai suka tare rana. Na ce wa Kawu ban taɓa zaton bagaruwa tana kai haka ba. Ya ce ai cunkoso ne ya miƙar da su, kowace tana neman haske, wadda ta tsaya yin reshe a ƙasa 'yan'uwanta su rufe ta ta mutu. Ƙasan dajin kuwa fayau yake, ba ciyawa sosai, sai busasshiyar laka da ta dare gida-gida, tsagar tana iya haɗiye ƙafar mutum har idon sawu. Tafiya a kanta sai da lura, ido ɗaya a ƙasa saboda tsaga da fararen ƙayoyin da suka zubo, ido ɗaya a sama. Iska ba ta shigowa sosai. Kukan kurciya ne ta ko'ina, da ƙwanƙwasar maƙoƙofa a wani wuri da ba ka gani.

Sai Kawu ya tsaya ya dafa wata bishiya ya ce in ɗaga kai. A jikinta, sama da inda hannuna zai kai, akwai zobe na busasshen taɓo, kuma da na waiga sai na ga kowace bishiya tana da irinsa a daidai wannan tsayi, layi ɗaya ya ratsa dajin gaba ɗaya. "Nan ruwa ya tsaya bana," in ji shi. "A watan Agusta, inda kake tsaye ɗin nan, da kwalekwale nake wucewa."

Daga nan ne na fara fahimtar dajin. Shuɗin Nilu daga tafkin Tana na ƙasar Habasha yake fitowa, kuma shi ke kawo fiye da rabin ruwan da ke isa Masar, mafi yawansa a cikin 'yan watannin damina. Idan ya cika ya tumbatsa, taɓo mai nauyi yana fara zama ne a gaɓa, shi ya sa gaɓar kogin ta fi ƙasar da ke bayanta tudu. A bayan gaɓar sai a sami kwari mai faɗi, wanda ake kira maya. Ruwa yana shigowa mayar ta wani ɗan rafi, ya cika ta, ya kwanta wata da watanni, kuma a wannan yanki da ke saman madatsar Sinnar ya fi daɗewa, domin ana tare ruwa bayan ambaliya ta wuce. Aduwa ko kurna ba za su jure tsayuwa cikin ruwa haka ba, saiwarsu ruɓewa za ta yi. Bagaruwa ce kaɗai ke sha ta ƙoshi, ta kuma jure farin da zai biyo baya. Shi ya sa ba ta da kishiya a nan.

Kuma dajin ba haka kawai ya tsiro ba, shuka shi aka yi. Kawu ya tsinci ƙwaya ɗaya ya ba ni in gwada da haƙori, tauri kamar tsakuwa. Ya ce sai ta jiƙu sosai take tsaga, don haka suke jiran ruwa ya fara janyewa su bi bayansa cikin taɓo har gwiwa suna watsa iri, wani lokaci ma daga cikin kwalekwale. Shekarun farko su ne masu wuya, ciyawa tana shaƙe shukar, akuya tana cinye ta. Saboda haka ake ba manoman ƙauye filin da aka sare su yi noma a tsakanin layuka, su yi wa shukar ciyawa a ladan gonar, har bishiyoyi su yi inuwar da amfani ba zai yi ba, sannan su tashi. Bayan nan a riƙa rage su lokaci-lokaci, a sayar da abin da aka cire a matsayin itacen girki da na gini, a bar masu ƙarfi su yi kauri. Sai sun shekara 30 ake sare yankin gaba ɗaya a sake shuka. Tun zamanin Turawa aka tsara haka, domin katakon da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin layin dogo, kuma gungumen ana kai su injin tsaga katako irin na garin Suki, a hayin kogi. Itacen yana da nauyi, gara ba ta cinsa da sauƙi, ruwa ba ya ruɓar da shi da wuri. Jiragen ƙasan da suka kwashe audugar Jazira zuwa bakin teku a kan bagaruwa suka yi ta gudu.

Muka ƙara gaba, Kawu ya tsaya a wani yanki da bishiyoyinsa suka yi kauri, hannu biyu ba ya zagaye wasu. Ya ce, "Wannan ni da abokaina muka watsa irinsa, shekarar da uwarka ta haife ka. Da aka aiko da labari ina cikin taɓon nan." Na daɗe ina kallonsu. Mutanen da suka yi aikin, rabinsu sun rasu, kuma ko a lokacin sun san ba su ne za su ci kuɗin katakon ba.

Birai ne suka katse mana magana. Garke guda, masu toka-tokan baya da baƙar fuska da farin saje, suna bin rassa a sama suna zubo mana da ɓawo. Uwa ɗaya da ɗanta manne a ciki ta tsaya tana leƙenmu har muka wuce. Suna cin ƙaron da ke tsatsowa daga jikin bishiya da ɗanyun 'ya'yanta, amma Kawu ya ce abincinsu na gaskiya yana gonakin ayaba, kuma tsakaninsu da masu lambu ba a ga maciji. Jan biri ba ya zama a nan, shi ɗan fili ne, sai can wajen karab ake ganinsa.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da ƙasa ta fara laushi a ƙarƙashin ƙafa, muka iso inda ruwa bai janye ba. A nan na fi daɗewa, kuma da Kawu ya bar ni da na yini. Ruwan kwance yake tsakanin bishiyoyi, sannan ya buɗe ya zama fili a tsakiyar mayar, kuma tsuntsaye sun rufe shi. Kirinjijiya ɗaruruwa a gefe ɗaya suna fito, ɗinya biyu manya a bayansu, zalɓe a tsaye cikin ruwa ba ya ko motsi, balbela farare a kan rassa. Kwasakwasa suna tafe a jere suna tsoma baki tare, suna kora kifi gaba. Borin tinke yana can gefe shi kaɗai yana jiran abin da masunta za su yar. Gauraka biyu suka sauka a bakin taɓo da tukkunsu, suka yi kukan nan nasu da ake ji daga nesa. Akwai kuma baƙi, ƙananan agwagin ruwa da 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke gudu a bakin ruwa, waɗanda ke baro Turai da Rasha idan sanyi ya kama can, su biyo Nilu su yi watanninsu a nan. Wadda ban gani ba ita ce shamuwa. Sheƙunanta suna kan bishiyoyin ƙauye babu kowa, ta yi kudu, sai gab da damina za ta dawo, kuma a nan ma kamar ƙasar Hausa, da an gan ta an san ruwa ya kusa, ba kuma mai taɓa ta.

A ɗaya gefen muka tarar da masunta, 'yan'uwanmu Hausawa, domin a kogunan Sudan kamun kifi sana'a ce da aka san mu da ita. Kawu ya ɗaga murya, "Sannunku da sanyi! Ya ruwa?" Babbansu ya amsa, "Ruwa alhamdu lillahi, Baba. Baƙo muka yi?" Suna jefa birgi, sun kuma shimfiɗa mamari tun dare. Kifin da ya shigo da ambaliya ya yi ƙwai a cikin daji, yanzu hanyar komawa kogi ta toshe, sai kamu: karfasa, tarwaɗa, ƙurungu. Idan ruwan ya ƙafe sarai, gaiwa ce kaɗai ke saura, ta nutse cikin laka ta jira wata shekara. Wani guza babba ya silalo daga kan kututture ya faɗa ruwa kusa da mu. Na tambaye su kada, suka ce yana kogi, sun san wuraren kwanciyarsa, bai cika shigowa maya ba idan ruwa ya yi ƙasa. Abin da suka fi gargaɗina da shi shi ne ruwan kansa: kada in yi wanka ko in tsoma ƙafa a kwantaccen ruwa, saboda tsargiya. Su dole ce ta sa su, kuma da yawansu suna fama da ita.

A hanyarmu ta fita wajen kogi muka wuce mata da 'yan mata suna tsintar garad suna cika buhuna. Na ɗauki ɗaya na duba. Kwanson ya bambanta da wanda ake kawowa daga yamma, wannan yana da wuya tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar carbi, da fari-farin gashi a jikinsa. Wata dattijuwa ta ce mini majema ne manyan masu saye, da shi ake jeme fatar markub ɗin da ke ƙafata, saura kuma na magani ne: a yi hayaƙinsa don mura, a jiƙa a kurkure maƙogwaro. A shekarar korona, 2020, kusan kowane gida a Madani sai ka ji ƙaurinsa. Kuɗin da suke samu ba yawa, amma yana sayen sukari da sabulu a watannin da gona ba ta ba da komai. Makiyaya ma suna son 'ya'yan don awaki da tumaki, kuma idan rani ya tsananta Fulani da Larabawa duk nan suke gangarowa da dabbobinsu. Gafiri ba ya hana su manyan yankuna. Rigima tana tashi ne idan garke ya faɗa wa ƙananan shuka, domin yini ɗaya ya isa ya shafe aikin shekara biyu.

Ba duk abin da na gani ne ya faranta mini rai ba. Kusa da gefen daji akwai kututture sababbi, an sare da dare an ja da karo, kuma ba a nesa ba hayaƙin wuraren gasa jan bulo yake tashi, waɗanda ba abin da suke ci sai itacen sunut. A wani yanki kuma bishiyoyi sun bushe daga sama, Kawu ya ce taɓo ne ya cike wurin har ruwa ya daina kaiwa yadda ya saba, bishiyar ta raunana, ƙwaro ya shige ta. Ga kuma lambunan ayaba da ke matsowa kowace shekara. Ban ga laifin mai neman abinci ba, ayabar Sinnar da Sinja ita ke cika kasuwannin Khartum, amma ayaba cikin shekara ɗaya take fara ba da kuɗi, daji kuwa sai an jira 30, kuma idan aka bar su su yi takara ba tare da mai raba su ba, an san wanda zai ci.

Muka haura gaɓa, wadda ake kira jarif, ƙasa mai laushi da ambaliya ke sabuntawa. Nan gonar Kawu take: kuɓewa, tumatir, albasa, kabewa, da 'yan bishiyoyin mangwaro da gwaiba. Kogin yana ƙasa, faɗi, shiru, wani jirgin katako yana ƙetarawa da mutane da buhuna, shi ma da allunan sunut aka ƙera shi. Muka yi azahar, muka gasa karfasar da masunta suka ba mu, muka ci da kisra, siririyar wainar dawa, da barkono.

A nan na tambaye shi babbar madatsar da Habasha ta gina kusa da iyaka, wadda aka fara tara ruwa a cikinta a 2020. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce abin fuska biyu gare shi. Idan kogi ya daidaita rani da damina, mai injin ban ruwa ya huta, gidajen bakin gaɓa ma sun huta da rushewa. "Amma ɗan nan, wa zai shayar da maya? Daji ba ya shan ruwan injin. In kogi bai yi hauka ya haura gaɓa ba, iri ba zai tsaga ba, kifi ba zai shigo ba, jarif ma ba zai sami sabon taɓo ba." Ni ma abin da ke damuna ke nan. Ana ta magana a kan wutar lantarki da rabon ruwa tsakanin Habasha da Sudan da Masar, amma ban cika jin ana ambaton waɗannan dazuzzuka ba, alhali sakin ruwa mai yawa na 'yan makonni a lokacin da ya dace zai iya zama bambancin rayuwarsu da mutuwarsu. Masu tsintar garad da masunta da makiyaya ba su da kujera a inda ake yanke wannan shawara.

Muka koma ta wata hanya da la'asar, muka iso gida ana kiran magariba. Wanda ke son manyan namun daji, zaki da ɓauna da gwanki, sai ya ƙetare kogi ya nufi gandun Dindir, wanda aka keɓe tun 1935. Wanda kuma ke son tafiyar ƙafa ta yini ɗaya, daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinta, kafin zafi ya sauko. Ya ɗauki ruwan sha isasshe da sanda, ya sa rufaffen takalmi, ya lura da kasa da kunama a cikin tsagar laka, kada ya kunna wuta, kuma ya tafi da ɗan gari.

Ban sake komawa ba. Yaƙi ya iso jihar Sinnar, Sinja, babban birnin jihar, ta fita daga hannun sojoji a ƙarshen Yunin 2024, ba ta dawo ba sai Nuwamba. Gas ɗin girki ya yi wuya, mutanen da suka gudo daga garuruwa suka cika ƙauyuka, kowa kuma sai ya dafa abinci. Da layin waya ya dawo na sami Kawu, muka gaisa, ya lissafa mini waɗanda suka rasu da waɗanda suka yi hijira. Gafiri ya bar rakubarsa tun farkon rikicin. Na tambaye shi yankin da suka shuka shekarar haihuwata. Ya ce gefen da ke kusa da hanya an sare shi an yi gawayi, amma na cikin maya yana nan, domin taɓo ya hana karo shiga.